Yadda ake girki da tsohon littafin girkin iyalan Kiristan Amurka ba tare da asarar fulawa ba

Tsofaffin littattafan girki na Amurka, irin waɗanda aka rubuta wa iyalan Kirista tsakanin shekarun 1950 da 1980, sukan faɗo hannun mutanenmu ta hanyoyi da dama: wani a wajen masu baza littattafan gwanjo a bakin titi, wani a kabad ɗin kakar da ta yi aikin asibitin mishan, wani kuma tsaraba ce daga waje. Uwargida takan buɗe ta gwada abu guda, kek ya fito da ɗanyen ciki ko ya yi tauri, sai ta rufe littafin ta ce girkin Turawa ba namu ba ne. Alhali matsalar ɗaya ce: an rubuta shi ne don wani kicin daban, da ma'auni daban, da kasuwa daban. Idan kika san waɗannan ukun, littafin zai yi miki amfani sosai, ko ke Kirista ce ko Musulma.

Mataki na farko: ki san wadda ta rubuta shi

Kafin ki kunna wuta, ki karanta gabatarwa, ki duba shekarar bugu a bayan shafin farko. Littattafan nan iri biyu ne, kuma kowane da yadda ake ɗaukar maganarsa.

Akwai wanda sunan tauraruwa ne ke sayar da shi. Misali shi ne Bless This Food na Anita Bryant, wanda ya fito a 1975. Ita mawaƙiya ce, ta lashe gasar sarauniyar kyau ta jihar Oklahoma a 1958, kuma a lokacin da littafin ya fito duk Amurka ta san fuskarta a tallan ruwan lemon Florida. Mai sayen irin wannan littafi yana sayen labarin gidan tauraruwar ne tare da girkin. Ba aibu ba ne, amma ki riƙa tunawa cewa gida ne mai firji da obin da babban kanti a kusa, kuma duk inda marubuci yake tallan wani kaya, sai a sa ido a ga ko kayan ya zama dole a girkin ko ana iya yi ba shi.

Iri na biyu shi ne wanda jama'ar coci suka haɗa hannu suka tara, kuma a ganina shi ya fi dacewa da tukunyarmu. Babban misalinsa More-with-Less Cookbook na Doris Janzen Longacre, wanda kamfanin Herald Press ya buga a 1976. An haife ta a 1940 a jihar Kansas, ta karanci ilimin tattalin gida, ta yi aikin agaji tare da mijinta a Vietnam da Indonesiya ƙarƙashin Mennonite Central Committee, hukumar agaji ta cocin Mennonite da aka kafa a 1920. Littafin nata ɗan zamanin yunwa ne. A farkon shekarun 1970 farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabi a duniya, farin Sahel ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki a Nijar da arewacin Najeriya da Chadi da Mali, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taron abinci a Roma a watan Nuwamban 1974. A wannan yanayin ne hukumar ta nemi kowane gida na mabiyanta a Amurka da Kanada ya rage ci da kashe kuɗin abinci da kashi 10 cikin 100. Longacre ta nemi mata da maza su aiko da girke-girkensu masu sauƙin kuɗi, aka gwada, aka zaɓi sama da 500, kowanne da sunan wanda ya aiko da garinsa a ƙasa. Ta rasu a 1979 da ciwon daji tana da shekara 39, kafin ta kammala littafinta na biyu, wanda ya fito a 1980. Littafin ne ya ɗaga sunanta, saɓanin waccan da sunanta ya ɗaga littafi.

Amfanin sanin wannan tarihi shi ne ki gane da wa Longacre take magana. Wa'azinta na a rage nama da sukari, a koma wake da hatsi, wa'azi ne ga mutanen da abinci ya yi musu yawa. Gidan da ake cin shinkafa da wake, da ɗanwake, da tuwo da miyar gyaɗa ya riga ya isa inda take son kai masu karatunta. Don haka kada ki rage wa yaranki nama ko ƙwai da sunan bin littafi. Abin da za ki ɗauka a wajenta shi ne tsarin awo, da gashin burodi a gida, da dabarar haɗa abin da wasu ke saye a gwangwani, da sarrafa ragowar abinci. Akwai ma wata koyarwa ta wancan zamanin, cewa dole a haɗa wake da hatsi a kwano ɗaya kafin jiki ya amfana da sinadarin gina jiki. Masana sun sassauta wannan daga baya: in an ci su a yini ɗaya ya wadatar.

Mataki na biyu: ki tanadi ma'auni na gaskiya

Nan ne yawancin girki ke lalacewa, don haka zan daɗe a kai.

Kofin Amurka ma'auni ne tsayayye, mililita 237, ana zagaye shi zuwa 240. Kofin shayin gidanki ba shi ba ne, kuma gwangwanin madara da muke awo da shi a kasuwa bai kai shi ba, kusan kashi biyu cikin uku yake ɗauka. In kina da halin sayen jerin kofuna da cokulan awo a shagon masu kayan kek, ki saya, sau ɗaya ne. In babu, ki samu gorar ruwa mai santilita 50, ki raba ruwanta biyu daidai, ki rage babban cokali ɗaya daga rabin, ki zuba a wani kofi mai haske, ki ja layi a inda ruwan ya tsaya. Wannan layin shi ne kofinki daga yau. Ki ja na rabi da na kwata a jikinsa.

Sai cokula. A shafi za ki ga babban harafin T da ƙaramin t, kuma bambancinsu ninki uku ne. Babban T babban cokali ne, mililita 15. Ƙaramin t ƙaramin cokali ne, mililita 5, daidai da layin 5 da ke jikin murfin maganin yara na ruwa. Ki wanke irin wannan murfin ki ajiye shi a kicin. Ƙananan cokula 3 su ne babba 1, manya 16 su ne kofi 1. Wanda ya karanta t a matsayin T wajen gishiri ko soda ya gama da girkin, don babu gyara.

Harafin c kofi ne. Inda aka rubuta lb ana nufin laba, giram 454, kusan rabin kilo. Oz kuwa giram 28 ne. Pt kofi 2 ne, qt kofi 4, wato ya kusa lita ɗaya. Ki lura cewa na Ingila ya fi girma: pt ɗinsu mililita 568 ne, na Amurka 473, shi ya sa duba ƙasar da aka buga littafin yake da muhimmanci. Sandar bota ɗaya, wadda suke kira stick, rabin kofi ce, giram 113. Fakitin yis ɗaya ƙananan cokula 2 da kwata ne, giram 7.

Kowane awo a waɗannan littattafai shafaffe ne. A kasuwa muna son a cika mudu har ya tashi sama da baki, amma a nan za ki tankaɗe fulawa, ki riƙa zubawa a kofi da cokali ba tare da kin danna ba, sannan ki shafe saman da bayan wuƙa. Kofin fulawa da aka auna haka yakan kai giram 120 zuwa 130. In kika tsoma kofin cikin buhu kika danna, zai iya ɗaukar giram 150 ko fiye, kuma wannan ƙarin shi ke sa kek tauri. Kofin sukari giram 200 ne.

Tsofaffin littattafai sukan kuma ambaci gwangwani da lamba ba tare da faɗin abin da ke ciki ba. Mai lamba 303 kusan kofi 2 ne, mai lamba 2 kofi 2 da rabi, gwangwanin miyar kanti mai kauri kuwa kofi 1 da kwata.

Mataki na uku: ki karanta girkin gaba ɗaya, ki sauya abin da ya kamata

Ki ɗauki fensir ki bi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, ki yi alama a kan wanda babu shi a kasuwarku da wanda ba ya halatta a gidanki.

Ga Musulma, kalmomin da za ta kiyaye su ne lard, wato man alade, da bacon da ham da pork, dukkansu naman alade. Sausage ma a littafin Amurka galibi na alade ne in ba a faɗi wani nama ba. Gelatin da Jell-O, kayan daskarar da kayan zaƙi waɗanda suka cika littattafan 1960 da 1970, yawanci daga fatar alade ko ƙashin dabba ake yinsu, ruwan banila na Amurka kuma da barasa ake jiƙa shi, sai ki nemi na gari. A madadin man alade ki sa man shanu ko bota daidai awo. Inda aka sa ham a cikin wake, ƙamshin hayaƙi da gishiri ake nema, kuma bandar kifi ko naman banda zai ba ki wannan.

Oleo bota ce irin ta gwangwani da muke shafa wa burodi, shortening kuwa daskararren man girki ne, amma wannan botar tana iya maye gurbinsa. Tamu tana da gishiri, don haka ki rage gishirin da aka rubuta. Buttermilk kuwa nono ne tsalala, ko kindirmon da aka sirka da ruwa kaɗan. In babu, ki zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami a kofin madara ki bar shi minti 5. Molasses da jan sukari: ki narka mazarƙwaila da ɗan ruwa, ki tace saboda yashi. Peanut butter markaɗen soyayyar gyaɗa ne wanda ba a matse mansa ba.

Bekin hoda da bekin soda ba ɗaya ba ne. Soda ta fi ƙarfi sau uku ko huɗu, kuma tana bukatar abu mai tsami kamar nono kafin ta tashi. Kada ki maye gurbinta da kanwa a kek, domin ƙarfin kanwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau wata mai kaifi, gobe wata mai sanyi.

Miyar gwangwani mai kauri ita ce ƙashin bayan rabin girke-girken wancan zamani, kuma Longacre ta nace a riƙa haɗa ta a gida. Ga yadda ake: ki narka bota manyan cokula 3 a wuta kaɗan, ki zuba fulawa manyan cokula 3, ki juya minti ɗaya ko biyu har ƙarnin ɗanyar fulawa ya fita amma ba ta yi ja ba. Ki riƙa tsiyaya madara kofi 1 kaɗan-kaɗan kina juyawa don kada ta yi gudaji, ki sa gishiri, ki bar ta ta yi kauri. In ta kaza aka ce, rabin madarar ki sauya da romon kaza. Wannan ta maye gwangwani guda.

Akwai kayan da sunansu ɗaya da namu amma halinsu daban. Ƙwan da suke nufi babba ne, kusan giram 57, irin na gidan gona. In na kajin gida ne ko na zabi, ki sa 3 a madadin 2. Kazarsu matashiya ce mai laushi, don haka minti 45 da aka rubuta ba zai nunar da kazar Hausa ba, sai kin fara tafasa ta. Wakenmu kuma ya fi irin nasu saurin nuna, ba sai an jiƙa shi ya kwana ba.

Mataki na huɗu: wuta

Lambobin zafi a littafin Amurka na ma'aunin Fahrenheit ne, obin ɗinmu kuwa galibi na Celsius. Lissafin: ki cire 32, ki ninka da 5, ki raba da 9. Wato 400 ya zama 204, sai a ce 200. Waɗanda za ki fi gani su ne 325 da ke daidai da 165, da 350 daidai da 180, da 375 daidai da 190, da 425 daidai da 220. Ki rubuta su a takarda ki manna a bango.

In babu obin, tukunya da yashi tana aiki. Ki samu babbar tukunya mai kauri da murfi mai rufewa ruf, ki zuba wankakken yashi busasshe kaurin yatsu uku, ki ɗora ƙananan duwatsu uku ko ƙarfen da zai ɗaga gwangwanin gashi don kada gindinsa ya taɓa yashi. Ki rufe, ki bar ta a wuta kamar minti 15. Gwajin zafi: ki baza ƙaramin cokalin fulawa a murfin gwangwani ki sa a ciki. In ta yi ruwan zuma cikin minti 5, zafin matsakaici ne, na kek. In ta yi duhu sosai, zafi ne na burodin masara da biskit. In ta ƙone, ki rage wuta ki jira. Tukunyar yashi daga ƙasa take ba da zafi, shi ya sa saman kek ke fitowa fari. Ki ɗora garwashi kaɗan a kan murfin a minti 10 na ƙarshe.

Yanayin gari ma yana da nasa. A zafin bazara kwaɓin yis da littafi ya ce ya yi awa ɗaya da rabi zai iya ninkawa cikin minti 40, don haka ki duba kwaɓin, kada ki dogara da agogo. A hunturu fulawa takan bushe ta sha ruwa fiye da ƙima, sai ki ƙara cokali ɗaya ko biyu. Wadda ke Jos, inda tudu ya kai kusan mita 1,200, ta ɗan rage bekin hoda, don kwaɓi yakan yi saurin kumbura a can ya faɗa.

Mataki na biyar: ki fara da abu mai araha

Burodin masara ya dace da gwajin farko. Kusan kowane littafi irin wannan yana da shi, kuma in ya ƙi, asarar kaɗan ce. Tsarinsa da aka saba: garin masara kofi 1, fulawa kofi 1, bekin hoda babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali, sukari manyan cokula 2, ƙwai 1, madara kofi 1, man gyaɗa kwatan kofi.

Garin masarar shi ne sirrin. A wajen niƙa ki ce a bar shi da ɗan tsaki-tsaki, kada ya yi laushin garin tuwo, in kika murza tsakanin yatsu ki ji shi yana ƙaras-ƙaras. Jar masara ta fi ba da launin da suke nufi. Ki fara ɗora tukunyar yashi ko ki kunna obin a 200, ki shafa mai a gwangwanin gashi. Ki haɗa busassun kayan a kwano ɗaya, ki kaɗa ƙwai da madara da mai a wani, sannan ki juye ruwan cikin garin. Juyi kaɗan za ki yi, da zarar busasshen gari ya ɓace ki tsaya, ko da akwai 'yan gudaji. Bugu irin na waina yana tayar da danƙon fulawa, burodin ya yi tauri. Ki zuba a gwangwani, kada ya wuce rabi da ɗan kai, ki sa a wuta nan take domin hodar ta fara aiki tun da ruwa ya taɓa ta. A obin minti 20 zuwa 25 ne, a tukunyar yashi yakan kai 35, kuma kada ki buɗe kafin minti 20. Ki soka tsinke a tsakiya. In ya fito ba kwaɓi, gefen kuma ya ɗan janye daga jikin gwangwani, ya nuna. In da nono za ki yi, ki mayar da hodar ƙananan cokula 2, ki ƙara soda rabin ƙaramin cokali. Da ɗumi ake cinsa, da fate-faten wake ko romo.

Mataki na shida: inda ba za ki bi tsohon littafi ba

Babin adana abinci a kwalba shi ne ya fi tsufa a waɗannan littattafai, kuma shi ke da haɗari. Nama da masara da ɗanyen wake da duk abin da ba shi da tsami, tafasa kwalba cikin ruwa ba ta kashe ƙwayar cutar da ke haifar da gubar botulism. Sai zafi ya kai 116 na Celsius a tukunyar matsi ta musamman. Gubar tana iya kisa, kuma ba lallai abincin ya yi wari ba. In ba ki da wannan tukunya, ki tsaya ga shanya, kamar yadda ake kauɗar tumatir da kuɓewa. Haka nan girkin da ake cin ƙwansa ɗanye, ki guje shi ga yara da masu ciki da tsofaffi. Inda aka ce a ajiye abu kwana uku kuwa, firjin da wutarsa ba ta ɗaukewa ake nufi.

Mataki na bakwai: ragowa, da naki littafin

A ƙarshen babi-babi Longacre ta ware wuri don dabarun ragowar abinci, ta ɗauko masa suna daga Yohanna 6:12, inda Yesu ya ce wa almajirai su tattara gutsattsarin da suka rage bayan an ciyar da mutum dubu biyar. Musulma ma ta san ayar Suratul A'araf da ta ce a ci a sha amma kada a yi ɓarna. Wannan sashe ya cancanci karatu a natse. Busasshen burodi a daka ya zama garin shafa wa kifi kafin suya, ko a jiƙa shi da madara da ƙwai da sukari a gasa. Ƙashin kaza da bawon karas da guntun albasa a tafasa su zama romo. Ragowar shinkafa a soya da ƙwai.

Duk girkin da ya yi kyau, ki kwafe shi a naki littafin rubutu da Hausa, da ma'auninki, da abin da kika sauya, da mintin da ya ɗauka a wutarki. Tsohon littafin ki ɗauki hoton shafukan da kike so da waya, ki ajiye shi nesa da tururi da gara. In mai shi ta farko ta bar rubutun hannu a gefen shafi, kamar ta soke adadin sukari ko ta ƙara minti, ki gwada nata kafin na bugun, don ita ta dafa shi.

Yawancin girke-girken na mutum huɗu zuwa shida ne. In gidanku babba ne, ki ninka komai sau biyu, amma gishiri da kayan yaji ki fara da ɗaya da rabi ki ɗanɗana. Kayan gashi kuma kada ki tara su a gwangwani ɗaya mai zurfi, ki raba biyu, kowanne ya tsaya a zurfin da kika gwada da farko.